Ƙwai, Ƙaya da Dangi: Kalmomi Uku da Lakar Rijiya Ta Gyara Mini

A duk shekarun da na yi ina koyar da fassara, babu aikin da ya ba ni wahala kamar wani shafi guda da aka roƙe ni in taimaka a rubuta da Hausa, a kan wata halitta da ido ba ya gani, wadda ta mutu tun kafin a yi ɗan Adam. Zan ba ku labarin shafin nan ne domin kuskuren da na tafka a cikinsa shi ne ainihin wanda nake sa wa ɗalibai jan alƙalami a kansa kowace shekara.

Wani ɗalibi ne daga sashen nazarin ƙasa da duwatsu ya yi sallama a ofishina, malaminsa ya turo shi. Ɗan Adar ne, daga wani ƙauye a jihar Tawa, mahaifinsa kuwa haƙar rijiya ce sana'arsa. Ana cikin haƙar wata rijiya a garinsu aka kai ga wata baƙar laka mai falle-falle kamar an jera takardu. Yaron ya roƙi mahaifinsa ya riƙa ɗebo masa ita a kowace gaba, shi kuma yana ƙullewa a leda yana rubuta zurfin. A kan lakar nan ya yi binciken digirinsa na biyu. Mutanen gari sun ga an ɗebi ƙasarsu an kai birni, shekara ta kewayo ba su ji komai ba, sai magana ta fara yawo cewa an ga wani abu a ciki ana ɓoyewa. A ƙasar da ake haƙar uraniyom a Arlit, ake haƙo man fetur a Agadem, ba za a kira wannan zargi wauta ba. Har ta kai waɗansu sun rage gaisuwar da suke yi wa tsohon. Daga ƙarshe maigari ya ce yaron ya zo ya faɗa wa jama'a abin da ya gani, da harshen da kowa zai ji.

"Malam," in ji shi, "na san abin da Faransanci. Amma da na buɗe baki da Hausa, sai in ji kamar ban taɓa shiga aji ba."

Na karɓi taƙaitaccen bayanin bincikensa, na ce ya dawo jibi. A daren nan na zauna da ƙamus, na fito da wannan jimla a matsayin ginshiƙin shafin: "A cikin lakar an sami ƙwan waɗansu ƙananan halittun teku masu ƙaya, mafi yawansu dangi ɗaya ne, sunan dangin Spiniferites." Jimlar ta yi mini daɗi a baki. Da ya dawo ya karanta, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya sunkuyar da kai.

"A gafarta Malam, Hausar ta yi kyau. Sai dai ba ƙwai ba ne, ba ƙaya ba ce sosai, kuma ba mu da tabbacin cewa dangi ne."

Na sake duba jimlata, na ga abin da ya tsira a cikinta laka ce da teku. Na ce masa ya kai ni in ga abin da idona.

A ɗakin bincikensu ya nuna mini yadda ake yi. A daka lakar, a zuba mata asid mai cin farar ƙasa, sannan a zuba wani mai cin yashi, wanda ko gilashi ba ya ƙyalewa, shi ya sa a mazubin roba ake aikin. Abin da ya tsira daga asid biyun nan sai a tace shi da rariya mai ƙananan idanu ainun, a ɗiga a kan gilashi, a sa ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ya ce lakar rijiya ta fi ta kan tudu amfani, domin wadda rana da iska suka daɗe suna duka, abin da ke cikinta ya riga ya lalace. Na kafa ido. Wani ɗan ƙwallo na gani, launin zuma, haske yana ratsa shi, jikinsa duk waɗansu tsirai da suka miƙe ta ko'ina, da wani rami mai kusurwa a gefe guda kamar an yanke shi da aska. Ya ce idan aka jera kamar ashirin daga cikinsu, sannan za su cika milimita ɗaya.

Bari in fara da ƙwai. Halittar da ta yi wannan ƙwallo ana ce mata dinofilajela. Ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, mafi yawan irinta a teku suke. Tana da bulala biyu: ɗaya ta kewaye ƙugunta a cikin wani kwarmi, ɗaya kuma tana jan ta a baya, saboda haka tana tafiya tana juyawa kamar katantanwar wasan yara. Sunan ma abin da yake nufi ke nan, juyi da bulala. Waɗansu daga cikinsu ne ke sa teku ƙyalli da dare, waɗansu kuma idan suka yi yawa sai ruwa ya yi ja, kifi ya mutu. Da yawansu suna sanye da sulke na falle-falle, wanda aka yi da irin abin da ke jikin tsiro, kuma wannan sulke ruɓewa yake yi da zarar ta mutu. Da a ce shi kaɗai ne, da ba mu sami komai a laka ba. Amma daga cikin kimanin nau'i 2,000 da ke raye a yau, akwai ƴan kaɗan, ba su kai ɗaya cikin biyar ba, da aka san suna yin wata dabara. Biyu sukan haɗu su zama ɗaya, ta yi ɗan yawo, sannan ta gina wani bango mai tauri a cikin sulkenta. Sulken ya zube, ita kuma ta nutse ƙasan teku ta kwanta, watanni ko shekaru. Ran da yanayi ya yi daidai, sai ta ɓalle murfi ta fito ta ci gaba da iyo, ta bar bangon a laka.

Ƙwai uwa ce ke yin sa, wani dabam ne ke fitowa. Nan kuwa wanda ya shiga shi ne ya fito. Da na gane haka sai gaiwa ta faɗo mini a rai, yadda take lulluɓe kanta a cikin laka idan tabki ya ƙafe, ta yi rani a kwance har ruwa ya dawo. Ba wanda zai kira makwancin gaiwa ƙwai. Muka tsaya a kan "kwanson barci". Abin da ya ɗan rage mini kunya shi ne jin cewa a cikin masanan Turai ma an yi waɗanda suka ɗauki irin waɗannan ƙwallaye ƙwan ƙananan dabbobin ruwa ne.

Sai ƙaya. A nan ina da uzuri, domin sunan Spiniferites da Latinanci mai ɗauke da ƙaya yake nufi. Amma ƙaya a Hausa abu biyu take sa mai sauraro ya hango: tsini, da kuma fitowa ta inda ta ga dama, kamar ta jikin bushiya. Ɗalibin ya ƙara girman hoton, ya ce in bi jikin ƙwallon a hankali. Sai na ga waɗansu siraran layuka masu ɗan tudu sun raba shi gida-gida, kamar ɗinkin ƙwallon ƙafa irin na da. Layukan nan hoton iyakokin fallayen sulken ne da ya zube, wato kwanson ya riƙe zanen rigar da aka gina shi a cikinta. A tsakiya layuka biyu sun kewaye shi, su ne gurbin bulalar ƙugu, kuma kalmar Latinanci da masana ke kiran wurin da ita ɗamara take nufi, don haka muka bar shi ɗamara. Tun farkon ƙarni na 20 wani masani ɗan Amurka, Charles Kofoid, ya shimfiɗa hanyar ƙirga fallayen nan sahu-sahu, daga ƙoƙuwa zuwa gindi. A Spiniferites sahun da ke bisa ɗamara falle shida ne, kuma ramin da na gani ba karyewa ba ce. Gurbin falle na uku ne a cikin shidan, ta wajen baya, kuma kullum nan ne mafita.

Tsiran da na kira ƙaya kuwa ba su da tsini, kuma a kan ɗinkin kaɗai suke fitowa. Inda ɗinki uku suka haɗu, sai tsiro ya miƙe ya rabu uku a kansa, kowane reshe kuma ya sake ɗan tsagewa biyu a baki. Idan a tsakiyar ɗinki ya fito, tsakanin mahaɗa da mahaɗa, biyu yake rabuwa. Wanda ya taɓa kafa rumfa ya san sunan itace mai rabuwa a kai. Muka ce gwafa.

Kada a ɗauka wannan tsanani ne na banza. Da wannan bambanci ake raba Spiniferites da maƙwabtansa. Akwai wanda ke da gwafofin nan daidai, amma ɗinkin jikinsa ya shafe ko ya kusa, shi aka ba sunan Achomosphaera a 1963. Akwai mai ɗinki ba gwafa, Impagidinium, wanda aka raɗa wa suna a 1978. Akwai kuma wanda bakunan gwafofinsa suka haɗe da siraran zaruruwa har suka yi masa raga, Nematosphaeropsis, tun 1955. Da na bar kalmar ƙaya, da na shafe alamar da aka gina rabe-raben duka a kanta.

Kafin mu zo kalma ta uku, ya kamata ku ji yadda sunan ya samu, domin a cikinsa akwai darasi ga mai nazarin harshe. A shekarun 1830 wani Bajamushe, Christian Gottfried Ehrenberg, ya feƙe dutsen ƙyastu har haske ya ratsa shi, ya ga waɗannan ƙwallaye a ciki. Ya ga sun yi kama da wani ƙanƙanin tsiron ruwan daɗi mai suna Xanthidium, sai ya sa su a ƙarƙashin wannan suna. Wani likita a Ingila, Gideon Mantell, ya gane ba su ba ne, ya raɗa musu Spiniferites a 1850, amma sunan ya ɓace a cikin littattafai, ba a bi shi ba. A 1933 Otto Wetzel ya ba su wani suna, Hystrichosphaera, wato ƙwallon beguwa, kuma da shi aka san su shekara da shekaru ba tare da an san ko mene ne su ba. Sai a 1961 William Evitt a Amurka ya nuna cewa ramin nan mafita ce, tsarin gwafofin kuma tsarin sulken dinofilajela ne. Daga baya William Sarjeant ya tono maganar Mantell, a 1970 aka mayar da tsohon suna, domin ƙa'idar masana ita ce sunan da aka fara raɗawa bisa ƙa'ida shi ne suna. Kusan shekara 130 ke nan tsakanin ganin abin da sanin ko mene ne, kuma tun a matakin farko kama ce ta ruɗi mutane.

Yanzu dangi. Masana suna da matakai biyu a sunan kowace halitta, babba da ƙarami, kamar Spiniferites ramosus, wanda shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Na ƙarami na ce nau'i, ba a yi gardama ba. Na babba ne ya tsaya mini. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai jinsi, iri, dangi, zuriya, rukuni, aji. Jinsi na guje masa, domin mu a nahawu mun riga mun ba shi aikin namiji da mace. Iri ya yi faɗi, ga shi kuma yana nufin abin shuka. Na ɗauki dangi domin ya fi ɗumi, kuma na san mutanen ƙauye za su karɓe shi nan take. Ban lura ba cewa duk wanda ya ce dangi ya yi shaidar jini.

Ga dalilin da ya sa ɗalibin ya ƙi yin wannan shaida. A shekarun 1960 masana biyu a Woods Hole ta Amurka, David Wall da Barrie Dale, suka ɗebo kwansuna masu rai daga lakar teku ta yau, suka ajiye su har suka buɗe. Abin da ya fito daga kwanson Spiniferites halitta ce da masu nazarin ruwa suka riga suka sani tun ƙarni na 19 da sunan Gonyaulax. Wato abu ɗaya, suna biyu: ɗaya na lokacin da yake iyo, ɗaya na ɗakin barcinsa. Har yau ana amfani da sunayen biyu, kuma ƙa'idar raɗa suna ta yarda da haka. Da lissafin ya tsaya ɗaya bisa ɗaya, da da sauƙi. Amma an ga kwansuna masu siffa dabam-dabam, har da na Nematosphaeropsis mai raga, suna fitar da halittun da ido ke gani kamar abu guda. An kuma reni nau'i ɗaya a ɗakin bincike, aka canza gishirin ruwan, sai tsawon gwafofin ya canza, waɗansu ma suka kusa rasa su. Wanda ya tsinci dogo da gajere a dutse zai iya ba su suna biyu, alhali uwarsu ɗaya. Na yau ana iya reno a gani. Na cikin lakar rijiya kuwa ba mai farkar da shi a tambaye shi.

Wannan ba ya nufin masana ba su san komai ba game da asali. Tsarin fallayen ya nuna a fili cewa duk waɗannan daga babban gida ɗaya suke da Gonyaulax. Amma katangar da aka kewaye Spiniferites da ita, wadda a cikinta aka zuba nau'i fiye da 100 daga duwatsun da suka haura shekara miliyan 100 har zuwa tekun yau, da siffa aka ja ta. Mai ɗinki, mai gwafa, mai mafita a falle na uku, ya shigo. Ko duk na cikin katangar sun fi kusa da juna a jini fiye da na wajenta, wannan tambaya ce da har yanzu ake bincike a kanta.

A nan ne na ji kunya ta gaske, domin wannan darasina ne. A ilimin ƙirar kalma nakan koya wa ɗalibai cewa hanya da mota ajin jam'i ɗaya suke: hanyoyi, motoci. Hanya tamu ce, mota kuwa baƙuwa ce daga Turanci, amma siffa ta zaunar da su benci guda. Haka azuzuwan aikatau bakwai da Parsons ya tsara a 1960, da karin sauti da wasalin ƙarshe ya raba su, daga baya Paul Newman ya nuna cewa a cikin aji guda akwai waɗanda asalinsu ba ɗaya ba ne. Ba wanda ya ce a watsar da azuzuwan saboda haka, domin suna aiki. Abin da ake nema shi ne mai amfani da su ya san me suka yi alkawari, me kuma ba su yi ba. Ban taɓa ce wa ɗalibi hanya da mota dangi ne ba. Amma da aka kawo mini ilimin wani, sai na yi masa abin da ba zan yarda a yi wa nawa ba. Muka rubuta aji, a takardar ɗalibai. A ta mutanen gari kuwa muka ce "masu kama ɗaya".

Shafin da muka gama bai kai na farko daɗin karatu ba. Ya ce a cikin lakar an sami kwanson barcin waɗansu ƙananan halittu da ba sa rayuwa sai a ruwan gishiri, saboda haka inda garin yake a yau teku ne a da. Ya tuna musu da ƙwaryar dodon koɗi da makamantanta da yara ke tsinta a duwatsun Adar, da farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Malbaza, duk shaidun tekun nan ne da ya taɓa ratsa Sahara ya kwanta a kan wannan yanki har Sakkwato. Ya ce Spiniferites kaɗai ba ya faɗin shekaru, tunda ya daɗe kuma har yau yana nan, amma a lakar ƙasa-ƙasa an sami wani mai suna Dinogymnium, mai siffar malfa biyu da aka kifa baki da baki, wanda ya ƙare a duniya shekara miliyan 66 da suka wuce, don haka lakar ba ta gaza haka ba. Sannan muka sa maganar da ɗalibin ya so mu tsallake, ni kuma na nace: gaskiya ne masu neman man fetur suna amfani da irin waɗannan kwansuna don sanin shekarun dutse, amma ganinsu ba ganin mai ba ne, kuma shi bai ga mai ba.

Ban je wurin karatun ba. Bayan hutu ya zo ya ba ni labari. A ƙofar gidan maigari aka taru bayan la'asar, ya karanta, ya zagaya da hotunan da ya buga. Liman ya tambaye shi ko ruwan Ɗufana ne, ya ce abin da dutse ya nuna ya riga mutane nesa, sauran sani yana wurin Allah. Wani dattijo ya daɗe yana duban hotuna biyu, ya ce ai waɗannan wa da ƙane ne. Yaron ya ce, "Baba, haka malamina ma ya ce da farko. Amma kama da wane ba wane ba ne." Aka yi dariya. Mahaifinsa bai yi magana ba sai da suka koma gida, ya sa yatsa a kan ramin da ke hoton ya ce, "Waɗanda ba su da wannan ƙofa fa?" Ya ce masa galibi su ne waɗanda ba su farka ba. Tsohon ya riƙe hoton, bai mayar masa ba.

Ba kowa ya gamsu ba. Akwai mutum biyu da har yanzu suke cewa da wata a ƙasa. Amma an koma gaisawa da tsohon, kuma da aka fara wata rijiya a ƙauyen da ke kusa, su da kansu suka aiko a tambaya ko yaron yana son laka.

Abin da nake so ku ɗauka, ku masu koyon fassara da ƙirƙirar kalmomin fannu, kaɗan ne. Kalmomina uku duk Hausa ce tsantsa, ba aro a ciki, kowa zai fahimce su, kuma duk ukun sun faɗi abin da ba haka yake ba. Mun saba auna sabuwar kalma da tambaya biyu: shin Hausa ce, shin za a gane? A ƙara ta uku: me kalmar ta rantse a kai wanda mai ilimin bai rantse ba? Amsar wannan ba ta cikin ƙamus. Sai an tashi an je an ga abin, an kuma yarda wanda ya san shi ya gyara maka, ko da ɗalibi ne. Wanda yake son gwaji, ya ɗauki kalmomin nan shida, jinsi, iri, nau'i, dangi, rukuni da aji, ya sa kowace a jimla uku daga maganar gida, sannan ya rubuta abin da kowace ke ɗauka a kanta game da asali. Ku kawo mu duba tare.